Ranar da Sammani Ya Narkar da San Kansila

Duk wanda ya zauna Ƙofar Kaura a shekarar da soja suka tattara kakinsu suka koma bariki ya san Sammani. In bai san shi da wannan suna ba, to ya san shi da Dakta. Daktancin nan kau ba wani asibiti ya ba shi ba. Wata huɗu ya taɓa yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji, ƙarƙashin wani malamin kimiyya da ake ce ma Malam Gideon, har aka lura kwalaben sun fi fashewa a hannunshi bisa ga hannun ɗalibai, aka ce ya je ya huta. Ya fito da farar riga guda mai aljihu uku da kalmomi kamar biyar, su ya yi ta juyawa shekara bakwai. Gishiri a bakinshi ba gishiri ba ne, sinadari ne. Kanwa sinadari. Ko kunun tsamiya aka miƙo mashi sai ya ɗaga kofin a rana, ya kanne ido ɗaya, ya ce sinadarin bai gama haɗuwa ba.

Da aka yi zaɓe, Alhaji Babaji mai sayar da taya ya ci kansila. Cikin alkawuran da ya zuba lokacin neman ƙuri'a akwai ɗakin magani na unguwa, kuma wannan ɗaya dai ya cika: shago guda kusa da masallaci, an yi mashi fenti, an sa kanta da benci. Saura wanda za a ba makulli. Tun ranar da fentin ya bushe Sammani bai ƙara bin wata hanya ba sai ta gaban shagon. Har ya leƙa ta taga ya zaɓi ƙusar da zai riƙa rataye rigarshi.

Bayan rantsuwa Alhaji ya ce zai yi walimar godiya, zai yanka sa. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san ido ke fara cin biki kafin baki. Ya tafi Batagarawa ya zaɓo san da ya fi kowane tsawo a kasuwa, ya kuma fi kowane araha, bai tsaya tambayar dalili ba. San huɗa ne, wanda tsofaffi suka rantse tun farar hular farko yake jan garma. Aka zagaya unguwa da shi, maroƙi a gaba yana kirari, kowa ya ga ƙaho ya ga tozo, kowa ya fara lissafin tsokarshi a zuci.

Girkin a hannun Mairo yake, matar wan Sammani da ya rasu. Shekara ashirin tana girkin biki a cikin birni, ba a taɓa maido mata da faranti ba. Ta zo ta zagaya san sau ɗaya, ta danna cinyarshi da yatsa, yatsan ya lanƙwashe.

"Alhaji, wanga ai ba sa ba ne, igiya ce aka naɗe da fata. Ko ka ba ni kwana biyu da itace kura uku, ko kau ka raba ma baƙinka haƙoran kura."

Alhaji ya ce taro jibi ne bayan la'asar, kuma da asubar ranar za a yanka, don ba ya son a ce ya ciyar da mutane kwantan nama a wannan zafi. Ana cikin haka Sammani ya ratso mutane da farar rigarshi. Ya yi gyaran murya, ya ce tauri ai ba komai ba ne face jahilcin sinadari, shi a ɗakin gwaje-gwaje ya ga abin da ya fi ƙarfe an mayar da shi ruwa. In aka bar mashi naman nan wuni guda, jariri ma zai ci da dasashi. Alhaji ya dube shi, ya dubi san, ya ce a gaban jama'a in har naman nan ya yi laushi, makullin ɗakin magani na Sammani ne.

Shawararshi ta farko ita ce a zuba ƙwayar ciwon kai kati goma a tukunya, wai ya ji masu tuwon tasha na yi. Mairo ta ce mashi ita tukunyarta ba ta ciwon kai, sai dai in shi ya tsaya kusa da ita. Ta ce ƙwaya guda ta faɗa girkinta, da muciya za ta raka shi har Ƙofar Guga.

"Matar yaya, ke ba ki san kimiyya ba."

"Na san ƙanen miji da ba ya da aikin yi. Wannan ma ai sani ne."

Sai ya nufi Kambarawa gidan Malam Gideon, wanda ya riga ya aje aiki yana kiwon kaji. Aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi da sabuwar gwamnati. Malam Gideon ya saurare shi ya yi dariya, ya ja shi bayan gida inda matarshi, Maman Grace, ke da gwanda bishiya tara. Ya tsaga ɗanyar gwanda da tsinke, farin ruwa ya tsattsafo kamar nono. Ya ce a cikin ruwan nan akwai wani abu da ake kira inzayim, aikinshi yanka zaren nama, kamar ƙananan almakasai da ido ba ya gani. Cokalin shayi guda ya isa kwanon nama, a bar shi ɗan lokaci kaɗan, sa'annan a ɗora a wuta mai ƙarfi, don tafasa ce ke kashe shi. Ɗumi kuwa ƙara mashi ƙarfi yake yi, a kiyaye. Ya kuma ce kar a taɓa shi da hannu tsirara, don shi abin bai san naman sa da na mutum ba.

Cikin duk wannan bayani abu biyu suka shiga kunnen Sammani: inzayim, da kuma ɗumi na ƙara mashi ƙarfi. Ya baro gidan da cokali guda a ƴar kwalba, yana maimaita sabuwar kalmar a hanya don kar ta zube.

Ya yanka tsohon zakaranshi, wanda ya yi cara har muryarshi ta dushe, ya shafe shi da abin da ke kwalbar, aka dafa. Ikon Allah, zakara ya yi laushi kamar ɗan tsako. Ya kai ma Mairo cinya. Ta tauna, ta sake taunawa tana neman abin kushewa ba ta samu ba. Ta ce to, ta yarda, amma daidai yadda aka yi ma zakara, kar ya ƙara kar ya rage. Sammani bai ji ƙarshen maganar ba, ya riga ya kai bakin titi. Kafin azahar duk majalisar unguwa ta ji cewa shi ya ƙirƙiro inzayim, Malam Gideon riƙe mashi kwalba kawai ya yi.

Daga nan ya zauna lissafi. Zakara cokali guda. Sa kau zakara nawa ne? Ya ƙirga da yatsu ya ɓata, ya sake ya ɓata, sai ya yanke cewa bokiti biyu ba za su yi yawa ba. Ai ba a taɓa jin mutum ya yi kuka don nama ya cika laushi ba.

Washegari ya koma Kambarawa da reza da bokiti. Ya tarar masu gida sun tafi coci wajen koyon waƙa, ƙofar lambu a sakaye. Ya ce ai gidan oganshi gidanshi ne. Ya bi gwandar nan ɗaya bayan ɗaya yana tsagawa yana tarawa. Abin ɗigo-ɗigo yake zuwa, ya ga in ya biye mashi sai baɗi, sai ya shiga tsinko ƙananan yana jefawa a buhu, har da ganye. A bishiya ta takwas ya kai hannu bayan wata babba, ashe rina sun yi gida a wurin. Bai san lokacin da ya sauko ba. Yana zaune a ƙasa yana mulmula kunne Maman Grace ta shigo, ta tsaya ta dubi bishiyoyinta, kowace gwanda da ta rage an yi mata zane tun daga wuya har ƙasa kamar Bagobira. Ta tambaye shi ko gwandar ta zage shi ne. Ya ce aikin gwamnati ne. Ta ce to gwamnati ta tashi ta fita mata daga lambu tun kafin ta kwance kare.

Ya iso gida kunne ɗaya ya yi biyun ɗaya. Ya ari turmi ya daka gwandar da ganyen, ya tace da tsohon ɗankwali, ya haɗa da farin ruwan. Bokiti biyu suka cika fal.

Ranar walima aka kayar da sa bayan sallar asuba. Mahauta suka yi ta wasa wuƙa suna tsine ma garma, hantsi na ɗagawa nama ya cika daro shida. Mairo ta ce ma Sammani ya yi abin da zai yi maza, ita za ta ga wankin shinkafa. Tana juya baya ya raba bokiti biyun nan a daro shida. Ya ƙara ruwan ɗumi. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwar hannu yana cuɗawa kamar mai kwaɓin ƙosai, yana yi ma mahauta bayanin almakasai. Ya rufe, ya jawo darukan jikin murhu inda ɗumi ke bugu. Sau biyu Mairo na aikowa a kawo nama, yana cewa inzayim bai gama aiki ba. Sai bayan azahar ya saki.

Tun a lokacin hannuwanshi suka fara ƙaiƙayi. Ya sosa, ya ji kamar ya shafa barkono. Ya cusa su a aljihu ya ci gaba da ba da umurni da haɓa.

Da aka juye naman a tukwane Mairo ta ga yana santsi, launinshi ya koɗe, ta tambaye shi cokali nawa ya sa. Ya ce daidai gwargwado. Ta sa a iza wuta, shi kuma duk ta kau da kai sai ya zare itace da ƙafa, don a tsaya a ɗumi. Haka tukwanen suka daɗe suna tsuma ba su tafasa ba. Can ta gane, ta kore shi, ta hura wutarta. Da ƙamshi ya tashi ta zura ludayi ta ɗebo. Romo mai kauri. Ta sake zurawa har ƙasa ta ɗago. Ƙashi fari tas, kamar an wanke da sabulu. Ta bi tukunya shida, ko tsoka guda ba ta tsaya a ludayi ba.

"Sammani, ina naman?"

"Yana ciki. Ya dai canza siffa ne."

"Ni Alhaji sa ya ba ni. Siffa zan zuba ma mutane bisa shinkafa?"

Ya ce kar ta damu, duk abin da sinadari ya kwance sinadari na ɗaure shi. Ya sa aka kawo rariya ya tace ludayi uku, abin da ya rage ya cuɗa da garin rogo ya dunƙula kamar fura, ya jefa a mai. Dunƙulen ya yi iyo sau ɗaya ya watse, man ya yi tsalle ya sami mahauci guda a ƙeya. Ya ce to a kawo ƙanƙara. Mairo ta ɗaga muciya, bai tsaya jin sauran ba.

La'asar ta yi, rumfa ta cika. Kowa ya san yadda ake cin walima a birni: mutum huɗu faranti guda, tsoka a bisa, ba mai taɓa ta sai an cinye shinkafa babban cikinsu ya raba. Da tsokar nan ake auna mai gida, ba da jawabinshi ba. Aka jera farantai, shinkafa ta yi kyau, miya kauri kamar an dama kunu, a tsakiyar kowane faranti ƙashi guda a tsaye. Mutane suka yi bisimilla suka fara haƙa. Wani ya tona ta gabanshi har ya cim ma hannun na gefenshi. Wani dattijo ya ɗaga ƙashi ya leƙa ƙarƙashinshi. Rumfa ta yi tsit, sai ƙarar yatsu a ƙasan faranti.

Sule mai faci, wanda ya tsaya takara da Alhaji ya faɗi, shi ya fara miƙewa. Ya ɗaga haƙarƙari a sama ya juya shi kowa ya gani.

"Jama'a, shekaranjiya sa muka gani da ƙaho da tozo. Yau kwana tara da rantsuwa. In sa sukutum zai ɓace tsakanin turke da faranti, to ina ga kwalbatin da aka ce za a yi mana?"

Rumfa ta ɗauka. Wasu suka ce an kai cinyoyin gidan manya, wasu suka ce an sayar ma masu tsire tun da safe, wani ya ce shi da ma ya faɗa, farar hula sai dai wanki. Alhaji ya cire hula ya mayar, gumi har cikin kunne. Ya rantse ko hanta bai gani ba. Sai wani daga baya ya ce to a tambayi masu girki, mata in sun so ɓoye abu ai zani ba ya magana.

Maganar ta kai kunnen Mairo. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta zagaya bayan tarin itace inda Sammani ke tsugune hannu biyu cikin bokitin ruwan sanyi, ta kama aljihun farar rigar ta jawo shi har tsakiyar rumfa. Ta ce shekara ashirin ko ƙashin kaza bai taɓa bin ta gida ba, ga tsuntsun da ya ja ruwa, ya yi bayani.

Sammani ya sunkuyar da kai, hannu a aljihu, ya ce a hankali maganinshi ne ya ɗan zarce, naman ya narke.

Aka fashe da dariya. Ba wanda ya yarda. Sule ya ce a rufa ma Alhaji asiri da ƙaryar da ta fi wannan mana. Dakta da ya taɓa cewa zai mayar da ruwan rijiya kananzir aka kwana a duhu, shi zai narkar da san da ya gagari wuƙa? Wani ya ce Dakta ko man shanu aka ba shi a rana bai iya narkarwa. Aka ce ya koma gefe, ba da shi ake ba.

Ga hanya an buɗe mashi. Da ya ja bakinshi ya koma bayan itace, da ya tsira, a bar Alhaji da Mairo da jama'a. Har ya ɗaga ƙafa. Sai kalmar nan ta bai iyawa ta tsaya mashi a maƙoshi, ta ƙi wucewa.

Ya haye benci. Ya ce wa ya ce bai iya? Bokiti biyu ya zuba, ba cokali ba. Ya lissafa bishiyoyin, ya nuna kunnen da rina suka harba, ya faɗi yadda ya riƙa zare itace Mairo ba ta gani, ya ce da an ƙara mashi awa guda da ƙashin ma ba a gan shi ba. Da ya ga har yanzu Sule na girgiza kai, sai ya zaro hannuwanshi daga aljihu ya ɗaga. Jawur har gwiwar hannu, sun kumbura, fata na saɓulewa kamar dafaffen tumatir.

Malam Gideon na cikin baƙi. Ya miƙe ya gaida jama'a, ya ce gaskiya yaron nan ya faɗa, cokali aka ce mashi. Naman duk yana cikin miya, ba wanda ya ɗauki ko tsinke, kuma tunda ya tafasa a sha ba komai, sai ɗan ɗaci. Ya ce in akwai mai shakka ya zo Kambarawa ya ga gwanda, amma ya zo da shirin gamuwa da Maman Grace.

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, har Sule sai da ya zauna. Aka aika gidaje a kawo cokula da ludayi, mutane suka shiga shan sa. Alhaji ya je har inda Mairo take ya ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, amma wanda ya ambaci zani ya zo ya faɗa a gabanta. Ba wanda ya zo.

Sammani kau bai sauko daga benci ba. Da ya ga fuskar Alhaji ta saki, sai ya ce a gafarce shi, akwai sauran magana.

"Alhaji, cewa ka yi in nama ya yi laushi. A nan wurin akwai wanda ya tauna ya ji tauri?"

Babu. Alhaji ya laluba aljihu ya ji makullin, ya dubi hannun Sammani, ya dubi ƙashin da ke gabanshi. Alkawari a gaban jama'a ya yi shi, ba ya musu. Amma kwana tara a kujera sun koya mashi wani abu. Ya ce alkawari na nan, sai dai yanzu ba zamanin soja ba ne da mutum guda zai yanke hukunci, ɗakin magani na jama'a ne. Duk wanda ya yarda Dakta ya riƙa auna ma iyalinshi magani, ya ɗaga hannu.

Kowa ya duƙufa a kan farantinshi. Masu cokali suka riƙe cokali da kyau, marasa cokali suka tura hannu ƙarƙashin riga. Sammani ya duba gabas ya duba yamma. Duk faɗin rumfar nan hannu biyu ne a sama, jajaye, kuma duk nashi ne.

Mairo ta leƙo daga bakin zaure da ludayi a hannu.

"Ƙirga mashi duka biyun, Alhaji. Kar gobe ya ce an yi mashi maguɗi."